Ƙaurin da Baba Direba Kaɗai Ke Ji

Shekara ashirin da shida Maman Biyu tana jin ƙarar injin niƙa gahawa na hannu kowace safiya. Kafin ta idar da sallar asuba ta naɗe darduma, mijinta ya riga ya zauna a kujerar kicin, ya matse injin tsakanin gwiwoyinsa yana juyawa, ruwa kuma yana kan wuta. Duk unguwa Baba Direba ake ce masa, don shi ke jan motar makarantar firamaren da ke bayan asibiti, doguwar bas mai cin yara talatin da biyu. Ita kuwa tela ce, kekenta yana falo, kuma rabin kayan makarantar da yaran ke sawa daga hannunta suka fito. 'Yan biyunsu sun girma suna karatu a wani gari, gidan ya rage daga shi sai ita.

Gahawar nan tun yana jan babbar mota ya koye ta, a wajen wani tsohon direba da suka daɗe suna bin hanya tare. Daga lokacin bai ƙara kai ta gwangwani bakinsa ba sai don kara. In an ba shi a gidan mutane yakan shanye, sai sun fito ya ce mata, "Wannan ai garin bulo ne aka fesa wa turare."

Ɗanya yake saye. Ya zo gida ya baza a tire, ya sa tabarau ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Baƙa ta fita, mai hudar ƙwaro ta fita, fasasshiya ta fita. In ya samu tsakuwa kuwa sai ya adana ta a aljihu, ya mayar wa mai shagon don ya ji kunya. Ran Asabar yake soya ta mako guda a wani kasko mai kauri da ba a yarda ko ƙwai a fasa a ciki ba. Yana juyawa da cokalin katako, ba ya magana, kunnensa yana kan kaskon. Da ta fara ƙara tas-tas sai ya rage wuta, ya ɗan jira, ya juye a tire ya fita tsakar gida yana fifita, ɓawon yana tashi. Sai ta kwana biyu a kwalba kafin ya taɓa ta. Da safe ya niƙa daidai ta ranar, ya bar ruwa ya huce kaɗan bayan ya tafasa, ya zuba a hankali. Kofi ɗaya nata, ɗaya nasa, sauran a filas ya tafi da shi mota.

Wata Asabar suka shiga kasuwa tare, ita za ta sayi zare da maɓallai, shi kuma gahawarsa ta ƙare. Mai gahawar dattijo ne, shagonsa ɗan lungu, buhuna biyar a jere bakinsu a naɗe. Suka gaisa, suka taɓa barkwancin da suka saba.

"Yau ba ka zo min da tsakuwa ba, Direba?"

"Tara su nake, in sun kai tifa in kawo maka gaba ɗaya."

Dattijon ya yi dariya ya buɗe masa sabon buhu. Baba Direba ya cusa hannu ya ɗebo, ya kai hanci, sai ya yamutsa fuska.

"Wannan kusa da wuta aka ajiye ta?"

"Wuta kuma? Shekaranjiya aka sauke min ita."

"Ƙauri take. Kamar an ƙona taya."

Dattijon ya ɗeba ya shinshina, ya miƙa wa Maman Biyu. Ita dai ƙamshin busasshiyar ciyawa ta ji, irin wanda ɗanyar gahawa ke yi kullum. Ta juyo za ta ce masa hancinsa ne, sai ta ga ya ƙame. Hannunsa na dama yana buɗe, ƙwayoyin suna zuba ƙasa. Idonsa a buɗe, amma ba ya kallon komai. Bakinsa yana motsi kamar mai taunar cingam, yatsun hagunsa kuma suna ta wasa da maɓallin rigarsa.

"Direba," in ji dattijon. "Direba!"

"Baban Biyu," ta ce, ta taɓa kafaɗarsa. Ko gezau.

Ba a daɗe ba. Mai kura ya zo wucewa yana neman hanya, ya wuce, sannan ta ga mijinta ya ja dogon numfashi ya ƙifta ido. Ya dubi dattijon, ya yi murmushi, ya miƙa masa hannu.

"Sannu da kasuwa. Mun same ku lafiya?"

Dattijon ya karɓi hannun, amma ita yake kallo ta saman kafaɗar mijinta. Ya auna masa kilo ɗaya bai ƙara tsokanarsa ba. Da za su tafi ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Maman Biyu, a riƙa lura."

A hanya ta tayar da zancen. Ya ce yunwa ce, bai karya ba. Ta ce ai a gabanta ya ci burodi da ƙwai biyu. Ya ce to ƙwan ne ba su da auki. Ta yi dariya don ta ga yana son ta yi, amma ranta bai kwanta ba.

Asabar ta gaba tana kan keke tana haɗa wandon wani yaro, shi yana kicin yana suya. Tana jin cokali yana karzar kasko, shar, shar. Ta ji tas-tas ɗin farko. Sai ta lura cokalin ya yi shiru. Ta ɗage ƙafa daga keken ta saurara. Ƙarar ƙwayoyin ta canza, ta koma ƙanana da sauri-sauri, kuma a shekarun nan duka bai taɓa barin ta kai nan ba. Kafin ta miƙe hayaƙi ya fara shigowa falo.

Ta same shi tsaye gaban murhun gas, cokali a hannu, bakinsa yana wannan taunar. Gahawar ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo, hayaƙi yana turnuƙe masa fuska bai ko kau da kai ba. Gefen hannunsa yana jingine da bakin kaskon. Ta kashe wuta, ta janye hannun, ta ga fatar ta yi fari. Ta ja shi baya, ya biyo ta kamar yaro. A ranta ta fara ƙirga, ta kai tamanin da wani abu kafin ya dawo.

"Wa ya kashe min wuta?"

"Ni ce. Dubi kaskonka. Dubi hannunka."

Ya duba. Ya daɗe yana kallon kaskon fiye da hannun.

"Gas ɗin nan ne. Wutarsa ta yi ƙarfi. Na faɗa miki kan murhun nan ya buɗe."

"Baban Biyu, abin da ya same ka a kasuwa shi ya sake samunka."

"Ba abin da ya same ni a kasuwa."

Ta sa hannun a ruwan sanyi, ta shafa masa magani. Ya zubar da gahawar a bola da kansa, ya kankare kaskon, sannan ya kwanta a doguwar kujera ya yi barci har la'asar, shi da ba ya barcin rana. Da ya tashi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Ko su 'yan biyu ban yarda ba."

Ran Litinin ƙarfe shida da rabi ya ɗauki filas, ya tayar da bas ɗin da ke kwana a ƙofar gida, ya bar ta ta yi zafi, ya ja. Ta tsaya a bakin ƙofa har ƙarar ta ɓace. Ranar sau uku tana ɗinke aljihu a bai-bai tana warwarewa. Sai da ta ji hon ɗinsa ƙarfe biyu da rabi sannan ta iya cin abinci.

Ran Laraba ƙaninsa ya zo. Bakanike ne, kowa Sifana yake ce masa, ya kawo rigar aikinsa da ta yage a hammata.

"Matarmu, a taimaka wa maraya. In na ɗaga hannu a gareji sai yara su yi ta dariya."

"Kai da ka ƙi aure, wa zai ɗinke maka? Kawo nan."

Ya zauna a hannun kujera yana shan ragowar gahawarta ta safe, yana ta surutu. Can ya ce, "Af, don Allah ki roƙar min Yaya ya bar ni in huta. Sau uku ke nan yana kawo min bas ɗin nan wai waya na ƙonewa. Na kwance gaban motar kaf, na bi wayoyi ɗaya-ɗaya, na duba birki, na duba kuloci. Ƙalau take. Na ce masa Yaya, ko dai gahawarka ce ta maƙale maka a gashin baki?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Ƙauri ya ce yana ji?"

"Wai kamar taya. Ni kuwa har ƙarƙashin motar na shiga."

"A cikin motar yake ji? Yana tuƙi?"

"To a ina zai ji? Anti, lafiya? Kin ga yadda fuskarki ta koma?"

Ta ce ba komai, allura ce ta soke ta. Ta gama masa rigar ya tafi. Ta zauna hannunta a cinya, ɗinkin mutane jibge a gabanta, ta kasa taɓa ko ɗaya.

Da yamma, bayan ya ci abinci, ta faɗa masa abin da Sifana ya ce. Ta roƙe shi su je asibiti, ya karɓi hutun mako guda kawai. Ya saurare ta har ta gama, yana murza bandejin hannunsa.

"Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi," ya ce. "Ko akuya ban taɓa bugewa ba. Kin san abin da za a ce in na je na ce ina ƙamewa? A ranar za su karɓe makullin. Wa zai ƙara ba ni ko keke?"

"Yaran mutane ne a bayanka."

"Na fi ki sanin ko su waye a bayana. Na san sunan kowannensu, na san ƙofar gidansu. Gyangyaɗi ne kawai, tsufa ya fara leƙowa. Zan ƙara wa gahawar ƙarfi."

Haka kuwa ya yi. Ya sayo wata, ya soya ta ta yi duhu fiye da yadda yake so, ya sa Maman Biyu ta tsaya kusa da shi wai ta riƙe masa tire. Da safe ya ninka abin da yake niƙawa. Ta kurɓa ta ji ɗaci har maƙogwaro. Shi da ke cewa mai ƙona gahawa bai san darajarta ba, ga shi yana shanye kofi biyu a tsaye. A nan ta gane ya san ba gyangyaɗi ba ne, tsoro yake ji.

Ran Litinin ta shirya tun da wuri, ta ɗauko ƙullin kayan makaranta guda shida ta ce za ta kai wa shugabar makaranta.

"Ba ni in kai mata."

"Akwai awon da zan yi."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. "Yau sufeto na samu. Bismillah, ranki ya daɗe."

Ta zauna a kujerar da ke bayansa daidai, inda take ganin idonsa a madubi. Suka bi unguwa suna ɗiban yara. Kowanne ya hau sai ya ce, "Ina kwana, Baba Direba," shi kuma ya amsa da sunan tsokanar da ya raɗa masa. Wata 'yar mitsitsiya mai jakar da ta fi ta girma ta zauna kusa da Maman Biyu, ba a jima ba ta kwantar da kai a cinyarta ta koma barci. Suka fita babban titi. Manyan motoci suna wucewa ta gefensu har bas ɗin na girgiza. Daga shataletale hanya ta gangara zuwa gada, ƙarfen gefenta ya karye a wuri ɗaya ba a gyara ba, ruwa yana gudu a ƙasa. Ita dai idonta yana kan madubi. Ta lura birkin hannu yana can gefensa na hagu, ta auna a ranta ko hannunta zai kai. Ba zai kai ba.

Suna tsakiyar gangaren ta ga ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, sau biyu. Ta yunƙura za ta miƙe, yarinyar tana cinyarta. Sai ita ma ƙaurin ya doki hancinta. Shara ce ake ƙonawa a bakin hanya, ga hayaƙin nan yana tashi. Ta koma ta zauna.

Ya tsallake gadar, ya sha kwana, ya tsaya a ƙofar makaranta daidai kan layi kamar an auna da tef. Yara suka sauka. Ya juyo yana murmushi.

"To, sufeto, na ci jarrabawa?"

Ta shiga wajen shugabar makarantar, ta ba ta kaya, suka gaisa. Matar ta ce, "Ai mu Baba Direba ya gama mana komai, iyaye hankalinsu kwance." Maganar tana bakin Maman Biyu, ta haɗiye ta. Ta koma gida a tasi tana jin haushin kanta.

Talata lafiya, Laraba lafiya. Har ta fara ce wa kanta wataƙila abin ya wuce.

Ran Alhamis da safe ta shigo kicin ta same shi ya gama niƙa, ya zuba garin a butar gahawa, ya sa rigar aikinsa, makullin bas yana aljihun gaba. Ya sauke ruwan zafi yana jira ya huce. Tana yanka burodi ta ga ya ɗan shaƙi iska, ya saci kallonta, ya yi sauri ya kau da kai. Ya ɗaga butar ruwan ya fara zubawa.

"Ka ji shi ko?" ta ce.

Ruwan ya ci gaba da zuba. Butar gahawar ta cika, ta tumbatsa, baƙin ruwa ya malala a kan tebur ya fara zuba a ƙafarsa, tururi yana tashi. Bakinsa ya fara taunar nan.

Ta karɓe butar daga hannunsa, ta janye shi daga teburin ta zaunar da shi. Ta kwara masa ruwan sanyi a ƙafa. Sannan ta tsaya a kansa, tana kallon aljihun. Tunda suka yi aure ba ta taɓa sa hannu a aljihunsa ba. Ta zaro makullin, ta ƙulle a bakin zaninta. Ta ɗauki waya ta kira Sifana.

"Bar abin da kake, ka zo yanzu. Kai za ka kai yara makaranta yau."

"Anti, me ya faru?"

"Ka zo kawai."

Ta sake kiran wata lambar. Shugabar makarantar ta ɗauka da muryar mai shirin fita. Maman Biyu ta faɗa mata komai a taƙaice, kasuwa, kasko, ƙaurin da ke cikin mota. Matar ta yi salati, sannan ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Ta ce mako uku.

Lokacin da ya dawo hayyacinsa ya ɗan jima yana kalle-kalle. Ya dubi agogon bango, ya miƙe, ya shafa aljihu.

"Ina makullina?"

"Yana wajena."

"Ba ni, na makara."

"Dubi teburin, Baban Biyu. Dubi ƙafarka."

"Butar ce ke yoyo. Ba ni makulli, yara suna tsaye a bakin titi."

"Sifana na zuwa, shi zai kai su."

"Sifana? A motata?" Muryarsa ta tashi, irin tashin da ba ta taɓa ji ba. Ya matso har tana jin hucinsa. "Ni za ki mai da yaro a gidana? Kawo shi kafin raina ya ɓaci."

Ta ja baya har ta jingina da firji, hannunta dafe da bakin zanin.

"Ko na ba ka ba amfani. Na riga na kira shugabar makaranta. Na faɗa mata duka."

Ya tsaya. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Can ya ce, a hankali, "Kin kashe ni, Maman Biyu."

Babur ɗin Sifana ya tsaya a waje. Ya shigo da gudu, ya ga tebur, ya ga ƙafar yayansa ta fara tashi, ya rasa wanda zai tambaya. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina kwana." Ta kwance makullin ta miƙa masa. Sifana ya dubi yayansa yana jiran izini, bai samu ba, ya karɓa ya fita sumui-sumui. Baba Direba ya ɗingisa zuwa taga ya tsaya. Suna ji aka tayar da bas ɗin, aka ja ta ba a bari ta yi zafi ba. Bai ƙara zama bayan sitiyari ba daga ranar.

Washegari suka je asibiti su uku har da Sifana. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta tambaye shi ko akwai abin da yake ji kafin abin ya zo. Maman Biyu ta fara ba da amsa, likitar ta ɗaga mata hannu.

"Bari Baba ya faɗa da bakinsa."

"Ƙauri," ya ce. "Kamar taya na ci da wuta. Sai wani abu ya taso min daga ciki zuwa ƙirji. Daga nan ban san komai ba."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

Maman Biyu ta juyo ta dube shi. Shi bango yake kallo.

Likitar ta ce wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, kuma in ya fara wa mai shekarunsa dole a nemi dalili. Ta rubuta magani, ta tura su ɗaukar hoton kai. Ta hana shi tuƙi, ta hana shi hawa tsani, ta hana shi tsayawa kan wuta. Sai a nan ya ɗago.

"Gahawa fa?"

"Kofi ɗaya da safe, mara ƙarfi. Amma wani ya soya, wani ya zuba ruwan."

Bayan kwana shida hoton ya fito. Akwai ƙari a gefen dama na ƙwaƙwalwarsa. Likitar ta nuna musu a allo, wani ɗan farin tabo da Maman Biyu ba za ta ko lura da shi ba da ba a nuna mata ba. Ta ce sai an yi aiki an ciro shi kafin a san ko wane iri ne. Aka ba su ranar tara ga wata mai zuwa.

Tun ranar makullin bai yi mata magana ba sai ta dole. In ta gaishe shi ya amsa, in ta kawo abinci ya ci. Makaranta ta ɗauki sabon direba, aka daina kwana da bas ɗin a ƙofar gidansu, sai tabon baƙin mai da ya rage a ƙasa. Wasu iyayen suka zo dubiya. Wasu kuma suka aiko a karɓar musu yadinsu ba a ɗinka ba, ba ta tambayi dalili ba.

Suyar ta dawo hannunta. Ta farko rabi ɗanye rabi ƙonanne, ta niƙa da ƙyar, ta dafa, ita kanta ta kasa shanyewa. Ya shanye nasa bai ce uffan ba, wannan ya fi mata zafi a kan ya kushe. Asabar ta biyu ta sake ɗora kaskon. Tana cikin juyawa ta ji an ja kujera. Ya zauna a bakin ƙofar kicin, ya ba ta baya, yana kallon tsakar gida.

"Wutarki ta yi yawa," ya ce.

Ta rage.

"Kar ki tsaya. Ki riƙa kwasowa daga gefe kina kawowa tsakiya."

Ta yi yadda ya ce. Ƙwayoyin suka tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa.

"Akwai wata rana," ya ce, har yanzu bai juyo ba, "wata uku da suka wuce. Na ɗebo su daga makaranta za mu gida. Na ji ƙaurin daidai wajen danja. Da na farfaɗo sai na gan ni a hanyar ma'ajiyar mai, layi biyu daga hanyarmu. Motar tana tafiya. Ƙafata tana kan totur, tankoki suna ta fitowa. Yaran suna tafi suna murna, sun ɗauka yawo zan kai su. Har yau ban san yadda na wuce danjar nan ba. Ban san ko ja ce ko kore ba."

Cokalin ya tsaya a hannunta.

"Juya," ya ce. "Za ta kama."

Ta ci gaba da juyawa, idonta yana kawo ruwa, ta bar shi a kan hayaƙi ne. Da ta fara tas-tas ya ce ta ƙirga sittin ta sauke. Ta sauke, ta juye a tire, ta raɓa ta gefensa ta fita tana fifita.

Wayarta ta yi ƙara a kan taga. 'Yan biyu ne. An ce musu su zo gida kafin tara ga wata, ba a faɗa musu dalili ba, tun shekaranjiya suke kira. Ta ɗauka ta sa a kunne.

"Mama, don Allah ki faɗa mana gaskiya. Wa ba shi da lafiya?"

Ta dubi mijinta. Ya goge tafin hannunsa a gwiwa, sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni su," ya ce.